Yadda ake ɗaura lasifikokin sama a ɗakin kallo na gida

Wanda ya haɗa lasifika biyar da wufa, wato babbar lasifikar sauti mai kauri, a falonsa ya riga ya san daɗin jin mota ta taso daga hagu ta wuce dama, ko a buga ƙofa ta bayansa. Abin da wannan haɗin ba ya bayarwa shi ne sautin da ke zuwa ta bisa kai: saukar ruwa a kan rufi, tsawa, jirgin da ya ratsa sama. Domin wannan ne kamfanin Dolby ya fito da tsarin Atmos, a sinimomi a 2012, a kayan gida kuma a 2014, sannan DTS:X ya biyo baya a 2015. A waɗannan tsare-tsare ana rubuta wa sauti wurin da ake so ya fito a cikin ɗaki, amfilifayar gidanka, wato amfili, shi ke lissafin lasifikokin da zai raba wa sautin. Amfili ba ya gani. Yana aiki ne bisa yardar cewa kowace lasifika tana inda aka ce masa tana. Idan aka huda silin a inda ya yi wa ido kyau kawai, lissafin ya tashi a banza, kuma ramin silin ba ya matsawa. Saboda haka rabin wannan aiki awo ne, kuma daga kujerar mai kallo ake fara shi.

Lambobi uku da abin da amfili zai iya ɗauka

Za ka ga an rubuta 5.1.2 ko 5.1.4 ko 7.1.4. Lambar farko lasifikokin da ke daidai kunne ce, ta tsakiya wufa, ta ƙarshe na sama. Wufa tana da nata injin a ciki, don haka sauran biyun ake tarawa: 5.1.2 na buƙatar amfili mai hanya 7, 5.1.4 mai hanya 9, 7.1.4 mai hanya 11. Kafin ka sayi ko da taku ɗaya na waya, duba gaban amfilin ko littafinsa ka tabbata akwai sunan Dolby Atmos. Tsohon amfili mai hanya 7 da aka ƙera kafin 2014 ba zai fitar da sautin sama na Atmos ba, komai ƙarfinsa.

Lasifika huɗu a sama sun fi biyu nesa ba kusa ba, domin da huɗu ne sauti ke iya tafiya daga gaba zuwa baya ta bisa kanka. Amma biyu da aka ɗaura daidai sun fi huɗu da aka cusa a ɗakin da bai ɗauke su ba. Ko da biyu za ka fara da su, ka ja wayar huɗu tun yanzu, hawa rufi sau ɗaya ya isa.

A gyara na ƙasa tukuna

A gidaje da yawa lasifikokin baya suna can kusurwar sama, dab da silin, don kada yara su taɓa. Muddin suna can, lasifikokin sama ba su da wani amfani, domin kunne ba zai raba sautin gefe da na sama ba, duk daga bisa suke zuwa. Sai an sauko da su. Dolby na son lasifikokin ƙasa su kasance daidai kunnen mai zama, wajen santimita 120 daga ƙasa. Na baya ana iya ɗaga su kaɗan don kan wani kada ya tare wa wani, amma kada su wuce santimita 150. Na gaba, hagu da dama, su buɗe da kusurwar digiri 22 zuwa 30 daga tsakiyar talabijin, na baya a tsarin lasifika biyar su zauna a digiri 110 zuwa 120, wato gefe amma sun ɗan koma baya. Na sama kuma ana so tsayinsu ya ninka na ƙasa sau biyu zuwa uku. Silin mai mita 2.6 zuwa 3.4 ya shiga wannan iyaka, kuma yawancin falukan siminti a nan Damagaram ba su fita daga ciki ba.

Wane irin rufi ne a kanka

A Damagaram wannan tambayar ce ke yanke irin lasifikar da za ka saya, don haka kada ka je kasuwa ba ka amsa ta ba.

Idan rufin kwano ne da silin na falen katako ko na farar ƙasa da ake kira staf, za a iya huda shi a nutsa lasifika a ciki. Wannan ya fi kyan gani, amma shi ya fi neman kula, saboda abin da ke tsakanin kwano da silin. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin waje ke wuce digiri 40, cikin rufin ya fi haka sosai. Da hunturu ƙura na shiga ta kowace kafa ta kwanta. Ga ɓeraye, ga jemagu, ga gara. Lasifikar silin kuwa bayanta a buɗe yake, maganaɗisu da takardar da ke motsi ta fitar da sauti duk a fili. Wanda ya saka ta haka tsirara, ƙura za ta taru a bayan takardar har ta fara gurzar ciki, sauti ya dinga karce. Maganinsa akwati ne a bayan kowace lasifika, za mu zo kansa.

Silin na roba, irin na falle-falle da ake sarƙawa, ba ya ɗaukar nauyi. Lasifika mai kilo 2 za ta lanƙwasa shi cikin ƴan watanni. Dole a kafa katako a jikin katakan rufin ta sama, shi ya ɗauki nauyin, robar ta zama sutura kawai.

Idan rufin kankare ne, kada wanda ya ba ka shawarar a sassaƙe shi. Akwai rodi a ciki, sau da yawa da bututun wayar wuta. Ana sayen ƙananan lasifikoki masu akwatinsu, a ɗaura su a jikin kankaren da ƙarfen rataya mai juyawa, a karkato da fuskarsu wajen kujera. Kowane ƙarfe ya sami bis, wato ƙusa mai zare, aƙalla biyu, a ramin milimita 8 da aka cusa wa abin riƙo na ƙarfe. Abin riƙo na roba an yi shi ne don bango, inda nauyi ke ja ƙasa ta gefe. A rufi nauyin zare shi yake yi kai tsaye. A ƙara da siririyar igiyar ƙarfe daga jikin lasifikar zuwa wani bis na dabam, ta yadda ko ƙarfen ya saki ba za ta faɗo kan mutum ba. Wannan igiyar ba a yafe ta a ɗakin da yara ke zama.

Ɗakin soro na ƙasa da azara, irin na tsofaffin gidajen Birni, ba a huda rufinsa ko kaɗan. Ƙaramin rami a nan ƙofar yoyo ce da damina. A irin wannan ɗaki ana ɗaura lasifikokin a saman bangon gaba da na baya, kusa da rufi, a sunkuyo da su wajen kujera. Amfili ya san wannan tsarin, kuma yana ba da tsayi mai gamsarwa.

Akwai kuma lasifikokin da ake ɗorawa a kan na gaba, suna harba sauti sama ya bugi silin ya dawo. Suna aiki ne kawai a silin mai faɗi, mai tauri, marar tudu da kwari, mai tsayin mita 2.3 zuwa 3.6 ko kusa da haka. Silin staf mai ado da matakala yana watsa sautin. Ko a ɗakin da ya dace ba su kai na rataye ba, amma ga ɗan haya da ba shi da ikon huda komai, sun fi babu.

Awo

Kayan awon ba su da yawa: tef ɗin awo, alli, igiya mai ɗan noti a ɗaure a bakinta, da mutum na biyu.

Zauna yadda kake zama in kana kallo, a auna daga ƙasa zuwa kunnenka. A kujerar falo yakan kama santimita 100 zuwa 110. Idan mutanen gidan a kan kafet suke kallo, jingine da matashi, daga nan za a auna, wajen santimita 75. Cire wannan daga tsayin silin. Misali silin mita 3, kunne santimita 110, saura santimita 190. Wannan lambar ita ce komai, rubuta ta a bango da alli.

Ga mai lasifika huɗu, Dolby ya ba da kusurwar digiri 30 zuwa 55 ga na gaba, 125 zuwa 150 ga na baya, mafi dacewa kuma 45 da 135, ana ƙirgawa daga saitin kunne ta gaba, a hau sama ta bisa kai zuwa baya. Digiri 45 na da sauƙi, domin nisan gaba daidai yake da tsayin da ka samu. A misalinmu, santimita 190 gaban kunne, santimita 190 bayansa. Idan wani abu ya tare, na gaba za su iya matsowa har santimita 133 ko su yi nisa har kusan 330, haka na baya. Matsowa ciki ya fi yin nisa, domin lasifikar da ta yi nisa da yawa sautinta na narkewa cikin na ƙasa.

Ga mai lasifika biyu, iyakar digiri 65 zuwa 100 ce, an fi son 80. Da tsayin santimita 190, digiri 80 na nufin santimita 33 gaban kunne, wato kusan daidai saman cinyar mai zama. Iyakar gaba santimita 88. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai su tsakiyar ɗaki, rabi tsakanin talabijin da kujera, don su yi layi da fitilu. Daga can sautin gaba ne kawai ya ƙaru.

A nan ne tsarin zaman falonmu ke kawo matsala. An saba jera kujeru a jikin bango, a bar tsakiya fili. Kujerar da ta manne da bangon baya ba ta bar wurin lasifikokin sama na baya ba, don suna buƙatar aƙalla santimita 133 a bayan kunne. Ko dai a jawo kujerar kallo gaba, ko a haƙura da biyu. A falo mai faɗin mita 4 da tsawon mita 6, kujerar da ke mita 3.8 daga bangon talabijin ta bar mita 2.2 a baya, huɗu sun zauna ba takura.

Ta hagu da dama kuma, na sama su bi layin lasifikokin gaba na ƙasa, ko su ɗan shigo ciki. Ƙa'idar ita ce tazarar da ke tsakaninsu ta kama rabi zuwa kashi 70 cikin 100 na faɗin jerin lasifikokin ɗakin. A falon mita 4 da na baya ke jikin bango, mita 2 zuwa 2.8 ke nan. Kujerar kallo ta faɗo daidai tsakiyarsu. Kada su kusanci bangon gefe ƙasa da rabin mita.

Yi duk alamomin a ƙasa da alli, inda awo ke da sauƙi, sannan a hau tsani a riƙe igiyar a silin, a matsa da ita har notin ya tsaya cak a kan alamar. Nan ne tsakiyar ramin.

Sai fanka. Babu falon da zai rabu da ita a garin nan, kuma ita ma tsakiyar silin take so. Fanka mai inci 56 fikafikanta na kaiwa wajen santimita 70 daga tsakiya. Idan sauti ya ratsa ta cikin fikafikai masu juyawa, yana isowa kunne a yayyanke, yana rawa. Gwajin ba wuya: a riƙe bakin igiya a alamar silin, a ja ɗaya bakin zuwa kunnen mai zama, a juya fankar da hannu. In fiffike ya taɓa igiyar, a matsar da alamar cikin iyakar da aka faɗa, in kuma ba hali a matsar da fankar. Abin da aka yi wa hagu a yi wa dama, don su ci gaba da zama daidai.

Saye

Lasifikar silin mai inci 6.5 ta wadatar a yawancin faluka, mai inci 8 ga babban ɗaki. Nemi mai om 8 ko 6, om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta. A yi hattara sosai a nan: yawancin lasifikokin silin da ke yawo a kasuwa, a Kasuwar Dole ko a Kano, na shaguna ne da masallatai da ofisoshi, masu ɗan taransifoma a bayansu da rubutun 70V ko 100V. An yi su ne don amfilin sanarwa. A amfilin gida sautinsu siriri ne, ba ƙarfi. Juya bayanta ka duba. In akwai taransifoma kuma babu zaɓin om 8 a jiki, ajiye ta.

Taɓa zoben da ya kewaye takardar. Na roba ake so, na soso yana ruɓewa ya zube a zafi. Wadda ƙaramar lasifikar tsakiyarta ke juyawa ta fi, musamman ga masu huɗu, domin a digiri 45 kana zaune ne a gefen sautin, sai an nuna maka shi. Duk na saman su zama iri ɗaya, in da hali kamfaninsu ɗaya da na gaba, don kada muryar abu ta canza yayin da ya tashi daga ƙasa zuwa sama.

Waya ta zama jan ƙarfe zalla mai igiya biyu. Mai kaurin 1.5 ta isa har mita 15 ga lasifika mai om 8, abin da ya wuce haka a sa mai 2.5. Akwai wadda cikinta alminiyom ne aka shafa mata jan ƙarfe a waje. Tana tare wuta fiye da ta gaskiya da kusan rabi, kuma tana karyewa a bakin ɗauri. Kankare ta da wuƙa a gaban mai shago, in fari ya bayyana ka san ko wace ce. A lissafin tsawo a haɗa da hawa bango da saukowa, a ƙara mita ɗaya a kowane baki.

Huda da ɗaurawa

Kashe wutar gidan daga babban makunni kafin komai. Aikin cikin rufi kuma da sassafe ake yinsa, bayan asuba. Da hantsi ya ɗaga wurin ba ya shiguwa, mutum na iya suma a ciki. Mai hawa ya taka katakan rufi kawai, ya rufe hanci da baki.

Kada a yanka babban rami kai tsaye. Huda ƙarami na milimita 6 a tsakiyar alamar. Samu guntun waya mai tauri, lanƙwasa bakinta ya yi kwana, tsawon lanƙwasar ya kai rabin faɗin ramin da za a yanka, wajen santimita 10 zuwa 11 ga mai inci 6.5. Zura ta sama, ka juya ta a hankali zagaye ɗaya, ka ɗaga ka sauke. Za ka ji a yatsunka in ta ci karo da katako ko bututu. In ta yi karo, matsar da alamar, ƙaramin rami farar ƙasa kaɗan ke toshe shi. A yi wa duk wuraren wannan gwaji kafin a yanka ko ɗaya, domin matsar da ɗaya na tilasta matsar da abokiyarta.

A cikin kwalin lasifikar akwai takardar zanen rami. Da ita za a zana, ba da murfin ba, murfin ya fi ramin faɗi. Staf da ƙaramin zarton hannu ake yanka shi, a hankali, inji mai girgiza yana tsaga shi. Falen katako mai milimita 4 ko 5 ya yi siriri ga ƙafafun riƙon lasifika, don haka kafinta ya yanko falle mai milimita 10 zuwa 12, ya huda masa rami iri ɗaya, a shimfiɗa ta sama a kafe shi a katakan rufi biyu da ke gefe.

A kan wannan fallen ne akwatin zai zauna. In kamfanin ya faɗi girman da lasifikarsa ke so, a bi shi. In bai faɗa ba, lita 15 zuwa 25 na yi wa mai inci 6.5, akwati mai santimita 40 da 40 da zurfin 15 ta ciki lita 24 ne. A liƙe haɗe-haɗensa da gam, a toshe ramin waya, a sa ɗan audugar gilashi ko soso a ciki ba tare da ya taɓa takardar ba, a shafa wa katakon maganin gara. Ban da ƙura da ɓera, akwatin na hana wani abin da mutane ba sa tunawa sai dare ya yi: a gidaje da yawa bangon ɗakuna a silin ya tsaya, cikin rufin a haɗe yake, lasifika marar akwati kuwa rabin ƙararta a ɗakin barcin iyali take sauka.

Wayar ta bi ta cikin bututun roba saboda haƙorin ɓera, guda ɗaya daga amfili har lasifika ba haɗi a hanya. A nisanta ta da wayar wuta da santimita 30. In dole su haɗu, ta tsallaka a gicciye, kada su jera. Kowace waya a rubuta mata suna a baki biyu kafin a ja ta, don bayan ta shige rufi duk kamarsu ɗaya.

Fere santimita ɗaya, murɗe zaren sosai, ja a ja, baƙi a baƙi. Zare ɗaya da ya tsere ya taɓa ɗan'uwansa ya isa ya sa amfili ya dinga kashe kansa. Kafin ka ɗaura, gwada daga wajen amfili da batirin rimot mai bolt 1.5: taɓa jar waya a kan batirin, baƙar a gindinsa, na ɗan lokaci kaɗan. Takardar lasifikar ta turo waje. Wadda ta shige ciki an juya wayarta. Lasifika biyu da ɗaya ke turawa ɗaya ke ja suna cinye kaurin sautin juna, kuma abin da ya kamata ya tsaya a tsakiya sai ya watse.

A ɗaure bis ɗin ƙafafun da turnabis na hannu, kaɗan-kaɗan a zagaye, har bakin ya kwanta. Injin ɗauri yana fasa staf ko ya karya ƙafar robar. A juya ƙananan lasifikokin tsakiya su kalli kujera, sannan a mayar da murfi.

Gaya wa amfili gaskiya

A amfili mai hanya 7, bakin wayar na sama sau da yawa shi ne na Surround Back, sai an shiga saiti an zaɓi aikin da zai yi. Sannan a faɗa masa inda suke: Top Middle ga biyu, Top Front da Top Rear ga huɗu, Front Height da Rear Height ga na saman bango, Dolby Enabled ga masu harba sama kaɗai. Wannan na ƙarshen yana sarrafa sautin ta wata hanya ta musamman, in aka zaɓa wa lasifikar silin shi sautinta zai gurɓace.

Kusan kowane amfili na zuwa da makirfon awo: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer, AccuEQ a Onkyo. A kafa makirfon a kan ƙafar kamara ko wani abu siriri, daidai tsayin kunne, bakinsa na kallon sama, nesa kaɗan da majinginar kujera. Ba a riƙe shi a hannu. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a rufe tagogi, a zaɓi lokacin da janaretan maƙwabci ke kashe kuma ba a kusa kiran salla ba.

In ya gama, a bi sakamakon da ido. Sauti na cin wajen mita 343 a daƙiƙa, amfili na jinkirta na kusa don duka su iso tare, shi ya sa nisa ke da muhimmanci. Gwada abin da ya rubuta da tef. Bambancin santimita 10 ba komai ba ne, na mita ɗaya na nufin a sake awon. Wufa ce kaɗai takan nuna nisa fiye da gaskiya saboda jinkirin injinta, a bar ta haka. Na sama duka a sa su a Small, a yanke musu sauti mai kauri a 80 zuwa 120 Hz, wato ma'aunin kauri da sirantar sauti, wufa ta ɗauki sauran. Ana iya ɗaga lambar da amfili ya zaɓa, amma ba a saukar da ita. Ƙarfin kowace lasifika da sautin gwaji ya kama 75 dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti, a kujera. Manhajar waya ba ta cika daidai ba, amma ta isa ta nuna wadda ta fi wata. Ƙara wa na sama 1 ko 2 dB ba laifi. In aka wuce 3, kunne zai dinga nuna lasifikar da yatsa, abin da ake gudu ke nan.

An gama, amma sama shiru

Mafi yawan lokaci laifin ba na lasifika ba ne. Dubi fuskar amfilin yayin da fim ke tafiya; in bai rubuta Atmos ba, sautin bai iso ba. Wayar haske ta optical ba ta ɗaukar Atmos, sai HDMI. In daga manhajar cikin talabijin kake kallo, wayar ta fito daga bakin da aka rubuta wa ARC ko eARC. Bakin ARC na iya wuce da Atmos irin na intanet, mai tafiya a kan Dolby Digital Plus, amma cikakken na faifan Blu-ray, mai TrueHD, sai eARC, ko a haɗa na'urar kai tsaye da amfili. A saitin sautin talabijin ko na'urar a zaɓi Bitstream ko Passthrough; in yana kan PCM mai hanya biyu, an niƙe komai tun kafin ya fito.

Sannan fim ɗin kansa. Yawancin abin da ake turawa a waya ko a filashi, da yawancin finafinan Hausa da tashoshin tauraron ɗan'adam, hanya biyu ne, wasu 5.1. Ga irin waɗannan a kunna Dolby Surround ko DTS Neural:X, su ne ke tsamo amon wuri su kai sama, kuma suna ƙoƙari ƙwarai a kallon ƙwallo. Ko a fim mai Atmos na gaske, sama ba ta magana kullum. Takan yi shiru na tsawon lokaci sai wurin da ya dace.

Wuta, zafi da karkarwa

Wutarmu bolt 220 ce. Amfilin hannu da ya fito daga Amurka na 120 ne, na Japan 100, kuma kaɗan ne ke da makunnin canzawa. Karanta rubutun bayansa kafin ka soka. In na 120 ne ko na 100 sai da taransifoman rage wuta wanda ƙarfinsa ya zarce abin da amfilin ke ci da tazara mai kyau. A sa sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, mai 1500 zuwa 2000 VA ga amfili da wufa, saboda dawowar wuta bayan ɗaukewa ita ta fi kashe kaya. Mai sola ya tabbata inbatarsa mai tsabtatacciyar wuta ce, wadda ake rubuta wa pure sine. Ɗaya irin na sa taransifoman amfili gurnani da zafi. Da hadari mai walƙiya a zare filogi, a zare har wayar dish.

Amfiloli da yawa an ƙayyade musu aiki ne zuwa digiri 35, falo kuwa da bazara yana wuce haka. A bar masa fili aƙalla santimita 20 ta sama, kada a kulle shi a kabad, kada a ɗora masa dikoda. Ƙyallen da ake rufa masa saboda ƙura a cire shi duk lokacin da yake kunne. Ƙaramar fanka a kansa tana jan zafin waje tana ƙara masa kwana.

Gwaji na ƙarshe na karkarwa ne. Kunna sautin gwaji mai hawa daga 80 zuwa 200 Hz da ɗan ƙarfi, ka zaga ɗakin kana saurare. Inda ka ji zizza, danna wurin da tafin hannu. In ta ɗauke, ka samo ta. Yawanci murfin fitila ne, ko siririn katakon da ke rufe haɗin silin, ko waya da ke kwance a kan falle. Ƙarin bis ko ɗan soso a tsakani na kashe ta. Katako na bushewa ya ja jiki da hunturu, don haka a ƙarshen sanyin farko a cire murafan a sake ɗaure ƙafafun kaɗan. Bayan ruwan farko mai ƙarfi kuma a duba kewayen kowace lasifika. Tabon ruwa ko kaɗan na nufin kwanon da ke samanta na yoyo, a sauke ta a ajiye har sai an toshe wurin.